Wa Ya Kashe Maleji?

 Akwai wata magana da ba ta rabuwa da bakinmu. In wata ta ci ado ranar suna, sai mu ce wance yau ta ƙure maleji. In miya ta ji kayan haɗi, ita ma ta ƙure maleji. Har rashin kunya in ta yi yawa, malejin dai ake ƙurewa. To amma da za a tsayar da mu a ce mu nuna malejin da yatsa, mu faɗi yadda yake aiki, da yawanmu sai dai mu yi dariya mu ce wannan ai zancen direbobi ne. Alhali kuwa mu ne a kujerar baya da goyo, mu ne ake ɗauka da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama, sau da yawa kuma kuɗin adashenmu ko na sarƙarmu ake cikawa da shi a sayi motar gida. Shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihin wannan ɗan agogo da 'yan uwansa da ke gaban direba, mu kuma bi shi ta inda ya fi shan wahala, wato hanyar Bagudo da kan iyakar Benin a Jihar Kebbi.

Ita kalmar maleji aro ce daga Turanci, asalinta lissafin mil nawa mota ta ci. A zamanin Turawa da mil ake auna hanya, shi ya sa har gobe akwai unguwa a Kano da ake ce wa Mil Tara. Motocin Ingila da suka fara cika ƙasar nan da mil agogonsu yake ƙirga, sitiyarinsu kuma yana hannun dama. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta sauya hannun tuƙi ta koma bin dama kamar maƙwabtanta, a Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, a cikin waɗannan shekarun ne kuma kilomita ta ture mil. Sai dai bakin Bahaushe ya riga ya saba. Agogon ya koma ƙirga kilomita, sunansa yana nan maleji. Kuma abu biyu muke haɗawa a sunan: allurar da ke nuna gudu, da 'yan lambobin da ke ƙarƙashinta masu tara tafiyar da mota ta yi tun ranar da ta fito daga masana'anta.

Ga wadda ba ta san yankin ba, Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga Sakkwato ran 27 ga Agusta 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta. In kika haye gadar Tuga kin shiga ɓangaren Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, daga nan kuwa sai Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975. Tsamiya tana fuskantar Segbana, gaba da Segbana kuma sai Kandi. Wannan ƙasa ta san tafiya tun kafin a haifi kakan mota. Fataken goro da ke zuwa Gwanja daga Kano da Sakkwato sukan haye Kwara a wajen Illo, su ratsa ƙasar Borgu su nufi Salaga, tafiyar watanni. Su ba su da allura ko lamba. Da zango suke ƙirga hanya, madugu kuma yana duban rana, yana duban ƙafar jaki, ya san ko za a kai rijiya ta gaba ko a yada zango nan. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka ja layi, Illo ta faɗo hannun Ingila, 'yan uwansu na yamma suka faɗa hannun Faransa. Layin ya raba takarda, bai raba dangi ba. Dandawa da Fulani da Kyangawa da sauransu suna ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwar juna, saboda haka da mota ta zo sai ta tarar da aiki yana jiranta.

Motar da ta riƙe wannan hanya shekara da shekaru ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo. Da farko 404, musamman mai buɗaɗɗen baya da muka raɗa wa suna a-kori-kura, daga baya sai 504. Ita 504 an fito da ita a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari na Kenya, tseren da ake yi cikin laka da ƙura irin namu. A wannan shekara ta 1975 aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Gowon. Abin mamaki, akwai shekarun da ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗinta daga birnin Liyon na Faransa a sauke a Kano, sannan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Kin ga lokacin da ƙasa ke da kuɗi ke nan. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da ita motar hukuma, har shugaban ƙasa ita yake shiga. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suna samun rancen mota su fito da sabuwa dal, ledar kujera ma ba a cire ba. A kan iyaka kuwa ta yi dace biyu, domin ƙetare ƙasar renon Faransa ce, can ma Fijo ce sarauniya. In abu ya lalace a Kandi, a Bagudo ko Jega za a sami irinsa.

To me ke gaban direban sabuwar Fijo a wancan zamani? In kin taɓa leƙawa da kyau za ki ga a ƙasan fuskar agogon an rubuta Jaeger ko Veglia da ƙananan baƙaƙe, kamfanonin da ke ƙera wa Peugeot waɗannan kaya ke nan. Malejin ba ya cin wuta ko kaɗan. Wata doguwar waya ce mai lanƙwasuwa, cikin kube, ta taso daga giyabos ta shigo bayan agogon. Mota na tafiya, wayar na juyawa kamar maburgi a tukunyar miya. A kanta akwai ɗan maganaɗisu, a kifa masa wani ɗan ƙoƙo na alminiyon wanda bai taɓa shi ba, amma in maganaɗisun ya juya sai ya riƙa jan ƙoƙon ta iska. Allurar a jikin ƙoƙon take, wani siririn zaren ƙarfe kamar gashi kuma yana mai da ita baya. Gudu ya ƙaru, ja ya ƙaru, allura ta hau. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi rajistar wannan dabara a Jamus tun 1902, ta kuma yi kusan shekara tamanin tana aiki a motocin duniya ba a sauya ta ba. Wannan wayar dai ita ce ke tura wasu 'yan haƙora, su kuma su juya gare-garen lambobi: na farko in ya yi taki goma ya cika zagaye ɗaya sai ya tura na kusa da shi taki ɗaya, haka har ƙarshe.

Sauran kuwa da wutar batir suke aiki, kowanne yana da ɗan aikensa a can cikin mota. Allurar fetur tana da wata 'yar ƙwarya mai iyo a cikin tanki, in mai ya sauka ta sauka da shi. Allurar zafi tana da wani ɗan ƙarfe kamar kan yatsa da aka ɗaura a kan inji, yana jiƙe cikin ruwan da ke zagayawa zuwa lagireto. Sai jar fitilar baƙin mai, da alamar cajin batir. Su ne bakin mota. Inji ba ya magana, in ciwo ya kama shi waɗannan ne ke faɗa wa direba tun abin bai yi nisa ba.

Bari in ɗan tsaya a kan allurar zafi, don a ganina ta fi maleji kansa daraja. Injin Fijo gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, amma murfin kansa alminiyon ne. Kowace mace ta san abin da ke faruwa in aka manta tukunyar alminiyon a kan wuta ruwa ya ƙone: gindinta ya bauɗe, ba ta ƙara zama daidai a murhu. Haka kan inji yake. Yana son ruwansa ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90. In fambel ya tsinke, ko lagireto ya yi yoyo, cikin 'yan mintoci zafi zai haura, kan ya bauɗe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Direban da allurarsa ke aiki zai ga tana hawa ja, ya gangara gefe ya kashe, asararsa fambel ɗaya. Wanda tasa ta mutu ba zai sani ba sai tururi ya turnuƙe gilashi, a dajin Ka'oje, da rana tsaka a watan Afrilu, da mata da yara goma a wagon. Nan ne kuma ake yin ganganci na biyu, a buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa ya wanke wa yaron mota fuska. In kina wurin, ki ja 'ya'yanki nesa, ki ce a bari ya huce.

To yaushe allurai suka fara mutuwa? Ba rana ɗaya ba ce, amma in za a sa wa abin shekara, 1986 ce. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala ƙarfi. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, aka fara gwanjon kuɗin waje a Satumban 1986, sai ga dala ɗaya tana neman naira 4, kafin tsakiyar shekarun 1990 kuwa ko a farashin gwamnati ta kai naira 22. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyaranta na asali suka fi ƙarfin direban haya. Sai direba ya zauna ya yi lissafi irin na uwargida in cefane ya gaza: me za a saya, me za a haƙura da shi? Taya dole, birki dole, batir dole ko a riƙa turi. Wayar maleji kuwa in ta tsinke mota ba ta tsayawa. Allurar fetur in ta kwanta, a tsinko kara a zura a tanki. Da haka da haka gaban direba ya koma maƙabarta, aka lulluɓe shi da darduma mai gashi, aka jera furen roba da kaset a kai. In kika yi magana a ce miki, "Hajiya, ai mu da kunne muke tuƙi."

Ban raina kunnen tsohon direba ba, wallahi akwai waɗanda ƙarar inji kawai za su ji su faɗa miki abin da ke damunsa. Amma kunne ba ya jin zafin ruwa, kuma a kan shimfiɗaɗɗen titi jiki yana sabawa da gudu har 120 ta zama kamar 80. Motar da ke kan 100 tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ki ce "wayyo" ta wuce tsawon gida guda. A hanyar da garken shanu ke tsallakawa ba sallama, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Abin dariya, a tsakiyar wannan mutuwar allurai ne, a Fabrairun 1988, aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ana ta wa'azin kada a wuce 100 a babbar hanya, kada a wuce 50 a cikin gari. Yo wanda allurarsa ke kwance a sifili tun bara, da me zai auna?

Kan iyaka kuma ta ƙara nata. Shekaru da yawa fetur ya fi araha a Nijeriya nesa ba kusa ba saboda tallafin gwamnati, har zuwa ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an janye shi. Saboda haka akwai masu kai Fijo wajen mai walda a faɗaɗa mata tanki, ko a ƙara mata na biyu a ɓoye, a cika a haye Benin a juye. Tankin da aka yanka aka ƙara, 'yar ƙwaryar cikinsa ko dai an cire ta, ko kuma tana auna abin da ba shi ne ba. Irin wannan mota in ta tsufa aka sayar da ita, sai mai tsautsayi ya saya ya yi ta mamakin allurar da ba ta taɓa faɗin gaskiya ba.

Wancan duk mutuwa ce ta talauci, ana iya yi mata uzuri. Abin da ya biyo baya shi ne ba shi da uzuri, domin allurar ba kashe ta aka yi ba, koya mata ƙarya aka yi. Da sabuwar mota ta gagara, sai kasuwar gwanjon motocin Turai ta buɗe. Mutanen kudu suka ce tokumbo, mu muka ce 'yar Beljiyam, saboda yawancinsu daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf a ƙasar Beljiyam ake lodinsu, ko kuma mu ce 'yar Kwatano, saboda can ake sauke su. Benin ƙaramar ƙasa ce, ba ta da masu sayen motocin da ke sauka a tasharta, kowa ya san Nijeriya suka nufa. Masu zuwa Arewa sai a kamo hanya daga Kwatano, a bi Paraku, a bi Kandi, a kai Malanbil, tafiyar da ta haura kilomita 700, a haye gada zuwa Gaya a Nijar, a shigo ta Kamba ko a zarce Birnin Ƙonni da Maraɗi. Wasu kuma daga Kandi suke karyowa gabas ta Segbana su ɓullo ƙasar Bagudo, mai takarda ta gaban kwastan, marar takarda ta hanyar shanu da dare, fitila a kashe. Samari da yawa sun yi arziki a wannan tuƙi, da yawa kuma sun bar matan aure da takaba.

Mai sayen gwanjon mota tambayarsa ta farko ita ce nawa ta ci a maleji. Dillali ya san haka, na Turai ya sani, na Kwatano ya sani. Sai mota ta yi kilomita 280,000 tana tasi a wani birnin Jamus, ta iso hannun maigidanki tana nuna 90,000, har da labarin wai wata tsohuwa ce mai ita, coci kawai take zuwa da ita. Mutane sukan ce da injin huda ƙarfe ake juya wayar baya. Mai wannan aiki ba shi da wannan haƙurin, domin ko da allura na kan 200, sai an yi awa 500 kafin a share kilomita 100,000, kusan sati uku ke nan ba dare ba rana. Buɗe agogon ake yi, a zare sandar da gare-garen ke kai, a murza su da yatsa, cikin rabin awa tsohuwa ta koma budurwa. Wannan da mai awo da ke buge gindin mudu duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai shi mai mudu tiya ɗaya yake cutarki.

Kada ki ɗauka halin baƙar fata ne. Amurka ta haramta taɓa maleji da dokar ƙasa tun 1972, ta ƙara tsaurara ta a 1986. Ita kanta Beljiyam da muke yi wa kirari, cutar ta ishe ta har ta kafa wani tsari a 2006 mai suna Car-Pass, inda duk garejin da mota ta shiga sai ya rubuta lambar malejinta ya aika rumbu ɗaya, ranar sayarwa kuma a ba mai saye takardar tarihin. A 2018 Majalisar Tarayyar Turai ta bayyana cewa cikin gwanjon motocin da ke tsallaka iyaka tsakanin ƙasashensu, kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari an taɓa malejinsu. Wannan tsakaninsu ke nan, su da ke da takardu da kwamfuta. Ina ga wadda aka ɗora a jirgin ruwa aka ce ta tafi Afirka?

Cutar kuma ba a kuɗin saye kaɗai ta tsaya ba. Yawancin motocin da suka biyo bayan Fijo 504, irin su Golf da 406, suna da wani bel na roba a cikin inji mai daidaita bugun numfashinsa, wanda ake canzawa bisa lissafin kilomita. In maleji ya ce da sauran lokaci alhali lokaci ya wuce, ranar da ya tsinke a kan gudu injin ya tashi aiki. Ga kuma wata al'ada ta makanikanmu, da zarar 'yar Beljiyam ta iso sai a cire mata tamostat, wato ɗan makullin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai na ƙasar sanyi ne. Sai allurar zafi ta riƙa kwana a ƙasa, maigida yana murna motarsa ba ta zafi, alhali fetur take sha fiye da ƙima, injin kuma yana cin kansa a hankali.

To ana iya tayar da allurar da ta mutu? Ƙwarai kuwa, kuma aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Mai wayarin da ya san hannunsa ba ya fara kwance allon gaban mota, sai ya gano ko laifin na agogon ne, ko na waya, ko na ɗan aiken da ke can ƙasa. Zai fara duba fis. In lafiya, sai ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba, ya zare wayar da ke kan ɗan ƙarfen zafi, ya ɗan taɓa ta a jikin inji, yaronsa yana kallon allura. In ta yi tsalle ta nufi ja, agogo da waya lafiyarsu ƙalau, ɗan ƙarfen ne ya mutu, shi kuwa ba shi da tsada. In ba ta motsa ba, a bi waya. Taɓawa ɗaya ake yi a ɗauke, in aka daɗe agogon na iya ƙonewa. Shi ɗan ƙarfen ma ana gwada shi da butar shayi: a tsoma bakinsa a ruwa, a ɗora mitar awon wuta, ruwa na zafi lambar mita na sauka. In ta tsaya cik, a jefar.

Haka ake yi wa allurar fetur daga bakin tanki. Sau da yawa 'yar ƙwaryar ce ta huje ta sha mai ta nutse, sai allura ta ce babu ko da an cika. Wani lokaci kuma siririyar wayar da hannun ƙwaryar ke gogawa ce ta cinye, kuma daidai inda ta fi zama take cinyewa, saboda haka maigidan da kullum lita biyar yake saya, tasa a ƙasa za ta lalace. In kuwa kika ga duk allurai suna rawa da zarar an kunna fitila ko an ba da sigina, wannan ba aljanu ba ne, wayar da ke mai da wuta jikin mota ce ta yi tsatsa. A kwance ta, a goge da sanfefa, a ɗaure, shi ke nan. A bayan allon akwai wasu siraran hanyoyin tagulla kamar zanen lalle, zafi da girgizar hanya kan tsattsaga su, ana kuma liƙe su da dalma.

Shi maleji, sai a kwance wayarsa daga giyabos a murza bakinta da yatsa ko da injin huda. In allura ta motsa, matsalar tana ƙasa, galibi wani ɗan haƙorin roba ne ya cinye. In allura na rawa sama da ƙasa a kan tafiya, wayar ce ta bushe ko ta lanƙwashe, a zare ta a wanke a shafa mai kaɗan. Na ce kaɗan, domin in aka cika giris sai ya hau har cikin agogon ya danƙare ƙoƙon. Bayan gyara akwai gwajin da ke ma za ki iya daga inda kike zaune: motar da ke kan 60 daidai, minti ɗaya cif take yi tsakanin dutsen kilomita da na gaba. Wayar hannu ta zamani ma tana nuna gudu ta tauraron ɗan Adam, sai ki gwama. In an sa wa mota tayar da ta fi tata ta asali girma, kamar yadda masu bin hanyar daji ke yi, allura za ta riƙa faɗin ƙasa da gudun gaskiya.

Mai gyara na kirki, kafin ya buɗe agogo zai rubuta lambar da ya tarar, ya kuma mayar da ita yadda take. In agogon ya ƙi gyaruwa aka sayo na gwanjo, a rubuta tsohuwar lamba da kwanan wata a ajiye cikin takardun mota. A Amurka doka ce ma, sai an manna sanarwar a jikin ƙofar direba. In kuma saye za ku yi, kada ki bar maigida ya tsaya kallon lamba kawai. A dubi lambobin ko sun jeru a layi ɗaya ko wata ta ɗaga kafaɗa, a dubi kan kusoshin allon ko sukundireba ta ci su, a dubi robar birki da kulochi, da santsin sitiyari, da ramin kujerar direba. Motar da ta yi 90,000 ba ta side robar birki har ƙarfe ya fito. Mu da muke gane atamfar da aka wanke aka sa mata sitati aka ce sabuwa ce, wannan ba zai gagare mu ba.

Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006, shekara ashirin da wani abu bayan an daina ƙera irin ta gida a Faransa. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 kuma ta rufe iyakokin, kamar yadda ya taɓa yi a 1984, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, Kamba ma sai Afrilun 2022. Kasuwar Kwatano ta ji jiki, amma ƙaryar maleji ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. Motocin yanzu ba su da waya mai juyawa, lambar a ƙwaƙwalwar kwamfuta take, mai algus kuma da 'yar na'ura yake zuwa ya jona a ƙarƙashin sitiyari ya rubuta abin da ya ga dama. Sai dai motoci da yawa suna ajiye lambar a wuri fiye da ɗaya, mai na'urar bincike na gaskiya yana iya tono ta. Wata dabarar kuma, in fitilar gargaɗi mai hoton inji ko ta jakar iska ta ƙi mutuwa, maimakon a gyara ciwon sai a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin salatif ta ciki. Maganin wannan a hannunki yake. Ki ce a murɗa makulli kada a tayar: dukkan fitilun gargaɗi dole su kama. A tayar: dole su mutu cikin 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba tun farko, an rufe mata baki ne. Ta baƙin mai kuwa in ta kama ja ana cikin tafiya, ba a cewa bari mu ƙarasa Bagudo, nan take ake tsayawa.

A tashoshin yankin yanzu Golf da Sharon da Toyota sun karɓe lodin fasinja, Fijo ta koma ɗaukar shinkafar fadama da albasa ranar kasuwa. Tsofaffin cikinsu malejinsu gida biyar ne, in ya kai 99,999 sai duk gare-garen su juya tare ya koma sifili, ba hannun kowa. Wadda aka haɗa a Kakuri a 1980, in a ce tana cin kilomita 30,000 kowace shekara kuma wayarta ba ta taɓa tsinkewa ba, zuwa 2025 ta koma sabuwa fil sau goma sha uku.